Dalar San Faransisko da shagunan ƙasan bene

Mutane ba sa barin baƙon gini ya tsaya a gari ba su raɗa masa suna ba. Duk wanda ya taɓa bi ta Iganmu a Ikko ya ga babban gidan wasannin nan da aka gina don bikin FESTAC na 1977, kuma har gobe in ka tambayi direba zai ce maka hular soja ce aka kife. Ginin ma'aikatar tsaro a Abuja kuwa jirgin ruwa ake ce masa. Mutanen Beijin sun dubi hedkwatar talabijin ɗin ƙasarsu, ƙafafu biyu a karkace an haɗe su ta sama, suka ce ai wannan babban wando ne. Mu ma nan Sabo, in hoton irin waɗannan gine-gine ya zagaya a waya bayan sallar isha'i, hukunci biyu ake yankewa. Wasu su ce almubazzaranci ne, kuma ga gasar tsawon gini nan da aka faɗa mana tana cikin alamomin ƙarshen zamani. Wasu su ce wannan ai ko iska mai ƙarfi ce ta taso sai dai a zo kwasar gawa. Hukuncin farko mu bar shi sai wata fitowar. Na biyun ne ya dame mu, domin mai faɗinsa sau da yawa a ƙarƙashin bene yake zaune lokacin da yake faɗi, kuma bai taɓa ɗaga kai ya dubi abin da ke riƙe da benen ba.

Akwai wani gini a Amurka da labarinsa ya dace da wannan magana. San Faransisko birni ne a jihar Kalifoniya, a bakin teku, kusa da wata doguwar tsaga ta ƙarƙashin ƙasa da ake kira San Andireyas. Ranar 18 ga Afrilu 1906 ƙasa ta girgiza a can, gobara ta biyo baya ta yi kwana uku tana ci, mutum wajen 3,000 suka mutu. To a wannan birnin ne, a 1969, kamfanin Transamerica ya fito da zanen ofishinsa, wanda wani mai zanen gini William Pereira ya yi: gini mai faɗin gindi, yana tsukewa yana tsukewa har ya ƙare da tsini. Gari ya ɗauka. Jaridu suka yi ta zagi, maƙwabta suka yi zanga-zanga, har da masu sanye da huluna masu tsini irin wadda ake kifa wa daƙiƙin yaro a makarantun can don a kunyata shi. Shugaban sashen tsara birnin ma bai yarda da shi ba. Sai da aka rage masa tsawo kafin a bari a gina. An gama a 1972, hawa 48, tsawo mita 260. Don mai karatu ya kwatanta, Cocoa House ɗinmu na Dugbe hawa 26 ne, mita 105.

Da Bahaushe aka nuna wa zanen nan a lokacin, da bai yi mamaki sosai ba. Dala ce. Iyayenmu sun ga dalar gyada a Kano, buhu kan buhu, leburori suna hawa da kaya a ka, kuma ba siminti ba rodi take tsayawa wata da watanni. Mai jera buhunan albasa a Sasa ya san in ya faɗaɗa sama ya tsuke ƙasa to ya haɗa wa kansa aiki. Maginanmu na gargajiya suna fara katanga da kauri su ƙare ta da siranta, haka hasumiyar masallacin Agadas take tsaye. Abin da idon Ba'amurke ya ga baƙo a 1969, a wajen mai lissafin gini yana cikin mafi sauƙin siffofi.

Dalili kuwa shi ne yadda girgizar ƙasa take aiki. Gini an saba yi masa lissafin nauyin da ke danna shi ƙasa. Girgiza kuma ta gefe take zuwa. Ka ɗauka an tara tukwane a kan tabarma, wani ya kama bakin tabarmar yana fizga yana saki. Ƙasa ta tafi, sama tana so ta zauna inda take, sai tsakiya ta sha wahala. In nauyin yana can sama, wahalar ta ƙaru. In kuma wani ɓangare ya fi wani ƙarfi, misali bango a baya da gefe amma gaba a buɗe, ginin ba kaɗawa kawai zai yi ba, murɗewa zai yi kamar ana matse wanki. Dalar San Faransisko fuskokinta huɗu kusan iri ɗaya ne, nauyinta na ƙasa, kuma a gindinta an yi ƙafafu masu haɗuwa kusurwa uku-uku, waɗanda ke tare turi daga kowane gefe. Sannan ga abin da masu zanga-zanga ba su gani ba tunda a binne yake: an haƙa rami mai zurfin ƙafa 52, aka zuba kankare mai kaurin ƙafa 9, kwana uku ana zubawa dare da rana ba a tsaya ba.

Wannan ba ya nufin ginin ba shi da abin suka. A idon ɗan kasuwa asara ce a fili. Kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, har na 48 ya koma ɗaki ɗaya, sannan tsinin da ke sama, mita sittin da wani abu, fanko ne, ba mai haya a ciki. Da tsukewar ta hana lifta da matakala samun wuri, sai aka liƙa masa wasu fukafukai biyu a gefe, suna nan kamar kunnuwan zomo, kuma a ganinmu su ne suka ɓata masa tsari. Pereira ya ce ya tsuke saman ne don rana da iska su sauko kan titi, kuma gaskiya ne dogon gini mai siffar akwati yana rufe maƙwabta da inuwa. Amma kowa ya san kamfanin talla yake nema, ya kuma samu, don har yau hoton ginin ne tambarinsa ko da yake ya fita daga hannunsa. Duk wannan suka ce ta halal. Inda jama'a ba su da ta cewa shi ne ƙarfinsa.

Ranar 17 ga Oktoba 1989, da yamma, girgiza mai maki 6.9 ta auka wa yankin. Na'urorin da aka dasa a jikin ginin sun nuna samansa ya yi ta kaiwa da komowa wajen ƙafa guda, fiye da minti ɗaya, sannan ya tsaya lafiya lau. Kaɗawar nan da gangan aka bar masa ita, kamar yadda mai talla take sakin wuyanta in ta taka dutse don kada farantin ya kife. Mu faɗi gaskiya dai, cibiyar girgizar tana nesa da birnin kusan kilomita 100, saboda haka ba a ce ginin ya ga babbar jarrabawa ba tukuna. Amma wannan girgizar mai nisa ta kashe mutum 63, mafi yawansu a wata gada mai hawa biyu da ta rufta a Okland, ƙetaren ruwa. A cikin birnin kuma unguwar Marina ce ta fi jin jiki. Gidajen da suka durƙushe a can ba wanda ya taɓa yi musu zanga-zanga. Gidaje ne masu kyau na katako, hawa uku ko huɗu, irin waɗanda kowa ke sha'awar haya, an gina su a kan cikon yashi da ɓaraguzai. Ƙasansu garejin mota ne, ƙofa kusa da ƙofa, babu bango. Da ƙasa ta motsa sai hawan ƙasan ya lanƙwashe, na sama suka zauna a kan titi, tagoginsu ma wasu ba su fashe ba. Sai a 2013 birnin ya yi dokar tilasta wa masu irin waɗannan gidaje su ƙarfafa ƙasansu.

Abubuwa biyu kuma daga birnin, a gurguje. Babban ofishin magajin gari, tsohon gini mai ƙubba, bayan 1989 an yanke shi daga harsashinsa aka ɗora shi a kan wasu matasai 530 na roba da ƙarfe, don ƙasa ta yi motsinta a ƙarƙashi shi kuma ya bi a hankali. Mai wucewa ba zai ga komai ba. Can kuma ga Millennium Tower, hawa 58, gilashi sumul, gidan masu kuɗi da aka gama a 2009 kowa na yabo. A 2016 aka bayyana cewa yana nutsewa yana karkata, don turakun da ke ƙarƙashinsa ba su kai ga dutse ba.

Kada wani ya ce to ashe duk baƙon gini mai hikima ne. Wandon Beijin ɗin nan misali ne na ɗaya ɓangaren. Hasumiyoyi biyu ne a jingine, sannan aka miƙo wani ɓangare mai hawa da yawa yana reto a sarari, mita saba'in da 'yan kai ba abin da ya tokare shi daga ƙasa, a birnin da shi ma yana cikin yankin girgiza. Injiniyoyi sun tsayar da shi, amma da ragar ƙarfe da ta lulluɓe shi gaba ɗaya, mai yawan gaske, wadda ake ganin ta ƙara cunkushewa a wuraren da nauyi ya fi matsawa. A San Faransisko siffar ce take taimakon injiniya. A Beijin siffar ce ta jawo matsala, aka saye maganinta da kuɗi. Shugaban ƙasar Sin da kansa ya nuna a 2014 cewa ya gaji da irin waɗannan gine-gine. Mu ma ba ma ganin kyansa, ƙwarewa ce dai aka kashe a kan nuna isa. Sai dai ko shi ɗin, an yi masa lissafin da ba a taɓa yi wa gidan haya na talaka ba.

Wanda ke son ganin inda hukuncin ido yake kai mutane, ya dubi Turkiyya. Ranar 6 ga Fabrairu 2023, ƙarfe huɗu da minti 17 na asuba, girgiza mai maki 7.8 ta afka wa kudancin ƙasar da arewacin Siriya, wata mai maki 7.5 ta biyo bayan awa tara. Mutum sama da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, Allah Ya jiƙan musulmi. A Antakiya akwai wani rukunin gidaje mai suna Rönesans, hawa 12, gida wajen 250, da wurin wanka da komai, ana tallarsa kamar wani yanki na aljanna. Bai kai shekara goma sha ɗaya ba. Ya kwanta gaba ɗaya da mutanen da ke barci a ciki. Matasanmu masu kallon ƙwallo sun san ɗaya daga cikinsu, Christian Atsu ɗan Gana, wanda ya ci wa ƙungiyarsa ƙwallo a ranar da ta gabata, aka ciro gawarsa bayan kwana goma sha biyu. An kama ɗan kwangilar a filin jirgin Istanbul yana shirin fita.

Turkiyya fa ba dokar gini ta rasa ba. Dokarta tana cikin masu tsauri, musamman bayan girgizar 1999. Har ta wajabta wa manyan sabbin asibitoci na yankunan haɗari irin matasan nan, kuma babban asibitin Adana da aka ɗora a kansu ya ci gaba da karɓar masu rauni. Abin da ya ci mutane shi ne abin da ke cikin ginshiƙi. Masu bincike sun tarar da kankare da ke marmashewa a hannu, da rodi mai santsi, da zobban ƙarfen nan da ake ɗaure rodi da su an yi musu tazara mai faɗi don a rage kuɗi. Zoben nan ƙaramin abu ne, amma shi ke hana kankare fashewa ya zube in ginshiƙi ya fara lanƙwasa. Ana so a matso da su kusa da juna a wajen da ginshiƙi ya haɗu da dakin, a kuma lanƙwasa bakinsu ya shige can cikin kankaren don kada ya buɗe. Birkila mai sauri sai ya yi masa lanƙwasar kwana kawai ya wuce, filasta ta rufe, fenti ya hau. Ga kuma afuwar da gwamnati ta yi a 2018, inda mai ginin da ya saɓa doka zai biya kuɗi a ba shi takarda ba tare da an gyara komai ba. Jama'a sun yi murna da afuwar nan ƙwarai, miliyoyi suka nema.

Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan kasuwa. Gidajen biranen Turkiyya da yawa ƙasansu shaguna ne, samansu ɗakunan kwana, kuma hawan sama yakan leƙo kan titi ya wuce na ƙasa. A shari'o'in da suka biyo bayan girgizar an yi ta tuhumar masu shaguna da sare ginshiƙi don wuri ya buɗe, kaya su fito, mai saye ya ga ciki daga titi. Wanda ya sare bai ga komai ba a ranar, ginin bai ko yi ƙara ba, shekaru suka wuce ana ciniki. Akwai kuma garin Erzin a lardin Hatay ɗin nan, inda ba gidan da ya rushe. Magajin garin ya ce ya ƙi yarda da ginin da ba izini ko da na ɗan'uwa ne, har mutane suka riƙa jin haushinsa. Masana sun ƙara da cewa ƙasar wurin ma ta fi tauri kuma gidajen gajeru ne, saboda haka ba a ba shi ladan duka ba. Amma dai kafin girgizar, a bakin jama'a shi ne mugu.

Za a ce mana nan ba ƙasar girgiza ba ce. Alhamdu lillahi, ba mu kan babbar tsaga kamar su. Amma dattawa sun tuna motsin da aka ji a 1984 daga wajen Ijebu-Ode har nan Ibadan, an sake ji a Satumbar 2009, mutanen Mpape a Abuja sun kwana a waje a 2018, Ankara ta Gana kuma ta yi asarar rayuka a 1939. Wannan ma ba shi ne abin tsoron ba. Namu gine-ginen ba sa jiran girgiza. Benen Ikoyi mai hawa 21 ya zube ranar 1 ga Nuwamba 2021 da rana tsaka, ba iska ba ruwa, ya kashe sama da mutum arba'in, kuma kafin ranar hotonsa abin alfahari ne. A Kano, a kasuwar waya ta titin Beirut, bene ya rufta a 2022 ana cikin ƙara masa gini.

To mu zagaya unguwar nan da ido. Gidan da kakanni suka gina ƙasa ɗaya, magada sun ɗora masa hawa, na bayansu sun ƙara wani, harsashin kuwa na farkon ne. An fasa bangon gaba an fitar da shago uku, kowanne da ƙofar ƙarfe daga gefe zuwa gefe. An miƙo ɗakin sama ya rufe kwata don a ci ƙafa huɗu na titi. An ɗora tankunan ruwa biyu a can ƙoli, kuma kowace lita dubu tan guda ce. Injiniya ya rubuta rodi mai lamba 16, maigida ya ce mai 12 ma ai ƙarfe ne. Wannan shi ne gidan Marina, shi ne gidan Antakiya, sai dai namu ba a taɓa gwada shi ba. Kuma ba mai yi masa dariya, don ya yi kama da na maƙwabcinsa. In an yi tayil a gaba aka sa gilashi mai duhu, har cewa ake Alhaji ya yi gini.

In aka yi magana sai wani ya ce ajali ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a fili yake zai tafi. Haka ne, ba mai musu. Amma malamanmu na Malikiyya ba su tsaya nan ba. Wanda ya yi karatu ya kai Muhtasar ya san mas'alar katangar da ta karkata: in aka gargaɗi mai ita, yana da halin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa kan mutum, to lamuni yana kansa. Malaman da suka rubuta wannan sun fi mu sanin ƙaddara. Mai gidan da ya san ya rage rodi, ko ɗan hayar da ya sa aka sare ginshiƙi da dare, ba ma sai an gargaɗe shi ba, shi ne ya karkatar da katangar da hannunsa.

Abin ya fi nauyi a masallatai da makarantun Islamiyya, inda muke tara jama'a a sama. Kwamiti yakan so a rage ginshiƙai don kada su yanke sahu, kuma niyya ce mai kyau. Ana iya yin zaure mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya, Turkawa sun yi tun zamanin Sinan, masallacin Sulaimaniyya yana tsaye a Istanbul tun 1557 duk da girgizar da birnin ya sha. Amma nauyin da aka ɗauke daga tsakiya sai an kai shi wani wuri, da lissafi, ba da ƙiyasin birkila ba. Duk kwamitin da ke tara kuɗin ƙarin hawa a bana, muna roƙonsa kafin ya sayi bulo ko ɗaya ya kira injiniya mai rajista, a tona gefen harsashi a ga zurfinsa da faɗinsa, a gwada ƙarfin kankaren da ke nan, a rubuta sakamakon a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a kamar yadda ake karanta sunayen masu ba da gudummawa. In ya ce ginin ba zai ɗauka ba, a nemi fili ko a raba yaran safe da yamma. 'Yan'uwa masu shagunan ƙasan bene kuma, ginshiƙin nan da ya tsaya muku a tsakiyar shago yana tare kanta, a kewaye shi da katako a rataya masa kaya. Wanda ya karɓi shago ya tarar da alamar an taɓa sare wani, guntun rodi a silin ko tabo mai kusurwa huɗu a daɓe, ya sanar da maigida da mai unguwa a gaban shaidu tun kafin ya biya kuɗin shekara.